Tauraron Zinare a Kan Kwalin Magani

Lahadi

Zuwa ga uwargida, sabuwar kaka,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da mai jego da surukinmu. Yaya ƙarfin jikin yarinyar? Ki gaishe mini da sabon mijin naki, wanda kika bar ni saboda shi ko waiwaye babu. Na ga hotonsa. Ba haƙori, ba aikin yi, ga sanƙo. Ban ga abin da ya fi ni da shi ba, amma zaɓinki ne.

Kin tambayi me ya sa nake rubuto wasiƙa alhali ga waya. A waya kina katse ni. Takarda kuwa sai dai ki yage ta, kuma na san ba za ki yaga ba sai kin ga ƙarshenta.

Kin kuma tambayi ƙafa. Ƙafa lafiya lau, babban yatsa yana zaune kamar mutumin kirki. Maganinsa ne ya yi girman kai. Kin san 'yar farar ƙwayar nan da nake haɗiya kowace safiya, tun shekara goma sha biyu da suka wuce da likita ya ce ciwon nawa sunansa gawut, ya ce ita za ta hana gishirin da ke taruwa a gaɓa ya zama allurai. Ranar Laraba na je kemis in sayi kwalbata ta kullum mai ƙwaya ɗari. Mai kemis ya ce babu, kuma ba za ta sake zuwa ba. Ya ɗauko mini wani kwali shuɗi mai sheƙi, da sabon suna irin na motar masu kuɗi. Ciki kati uku ne, goma-goma. Kuɗin talatin ɗin nan ya fi na ɗarin da na saba saya.

Na ce, "Malam, wannan magani ya girmi aurena. Wanda ya ƙirƙiro shi ƙasa ta daɗe da rufe masa ido, kowa yana da izinin yinsa. Me ya same shi da tsufa?"

Ya ce, "Ai arahar ce ta kashe shi, yallaɓai." Wai masana'antu uku ne suke yin sa. Ribar ta yi ƙanƙanta har biyu suka ga gara su koma yin maganin ƙiba da na ƙarin kyau. Saura kamfani ɗaya, shi kuwa da ya waiga ya ga babu kowa a bayansa, sai ya sake wa tsohon riga ya sake masa farashi. Tsofaffin littattafai suna kiran gawut ciwon sarakuna. Na daɗe ina mamakin yadda aka yi ya sauka a ƙafar mai duba rubutu a maɗaba'a. Ga shi yanzu maganin ya gane kuskuren, yana neman komawa wurin masu shi.

Na mayar masa da kwalinsa na fito. Saura ƙwaya shida a gida.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Washegari da na shiga wurin aiki na tarar da maigida yana ta washe baki kamar an yi masa albishir. Aiki ya shigo, mafi girma a bana: kwalaye dubu ɗari biyu da takardun bayaninsu. Aka ajiye mini takardar gwaji a kan tebur. Na duba, sai ga mutumina, shuɗin kwalin nan na kemis. Kashin farko a wata maɗaba'a aka buga musu, wannan na biyun suka kawo mana. Amma da ƙari. A kusurwar dama an zana tauraro na zinare, a cikinsa an rubuta: “Sabon haɗi, ƙarfi ninki biyu.”

Kin san yadda muke aikin magani. Abokiyar aikina, wadda muke kira Rediyo, tana karanta asalin da ƙarfi, da kowane waƙafi da kowane ɗigo, ni kuma ina bin sabon da rula layi-layi. Sau biyu ake yi. Tun shekarar da aka taɓa buga lamba ba daidai ba aka ƙona aiki mota guda, marigayi mahaifin maigida ya kafa doka: ba a ɗora aikin magani a inji sai da sa hannun mai dubawa da jan biro. Shekara ashirin da shida wannan hannun nawa ne.

Abin da kamfanin ya manta shi ne mu muka yi shekaru muna buga takardar tsohuwar kwalbar. Na sa aka hau saman kabad aka sauko da fayil ɗin, muka kaɗe ƙura. Rediyo ta karanta tsohuwa, na bi sabuwa. Sinadari ɗaya, awo ɗaya, masana'anta ɗaya, har lambar rajista ɗaya. Ko ɗigo bai bambanta ba. Ta cire tabarau ta ce, "Jan Biro, wannan ai tsohuwar ce aka yi wa jan baki."

Na kewaye tauraron da ja, na rubuta a gefe: “Ina sabon? Ina ninkin? Takardar ciki ba ta san da su ba.” Ban sa hannu ba.

Kada ki tayar da hankalinki. Ina cin abinci, ina shayar da shukokinki, ɗaya ce kawai ta mutu kuma tun kina nan take da niyya.

Ki huta lafiya.

Naki har kullum,
Jan Biro

Asabar

Zuwa ga uwargida,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya, da fatan angon naki ya fara barin mutane su runtsa. Wasiƙarki ta iso. Shafi uku kika yi, ke da kika ce rubutu wahala ne. Na karanta ta sau biyu kamar aikin magani, ban sami kuskure ba sai a ra'ayi.

Kin ce saura shekara biyu in yi ritaya da cikakken haƙƙina. Gaskiya ne. Kin ce an ɗauke ni in duba ko abin da aka buga ya yi daidai da abin da aka kawo, ba a ɗauke ni alƙalanci ba. Haka maigida ma ya ce, har na yi zargin kun yi waya. Amsata ɗaya ce gare ku duka: kwali ya faɗi abu, takardar da ke cikinsa ta faɗi wani. In shafi na ɗaya ya ƙaryata shafi na biyu, aikina ne in tambaya wanne ne mai gaskiya. Abin da nake yi ke nan tun kafin maigida ya iya ɗaura igiyar takalmi.

Ranar Litinin wakilin kamfanin ya zo da kansa. Turare muke ce masa, don ƙamshinsa yana riga shi shigowa da minti biyar. Ya ja kujera ya zauna gabana, ya ce, "Baba, bari in fahimtar da kai." Kuma ya fahimtar da ni, ba zan ci haƙƙinsa ba. Garin maganin daga wata masana'anta guda ɗaya a ƙetare ake sayo shi, ita ma ta ƙara kuɗi. Jirgin ruwa ya ƙara. Kwastan sun ƙara. Canjin kuɗi kullum hawa yake. Sabunta rajista ba kyauta ba ne. Kati mai goma-goma ya fi kwalba cin kuɗi, amma masu kemis sun fi son sa don suna iya yankawa su sayar kaɗan-kaɗan. Daga masana'anta zuwa hannun mai ciwo akwai dillalai uku, kowa sai ya lasa.

Na ce, "Ɗana, duk na yarda. Kwalin ma na san abin da yake ci, don kowane launi sai takarda ta sake bi ta cikin inji, zinaren nan kuwa ya fi sauran tsada. To, ku rubuta haka mana. Ku sa a cikin tauraron: tsohon haɗi, mu kaɗai muka rage. Yanzu in sa hannu, har in ƙara muku da addu'a."

Ya yi dariya ya ce, "Baba ke nan! Mutane suna ta gunaguni kan farashi. Tauraron ɗan lallashi ne kawai, wa zai cutu?"

Zan gaya miki wanda zai cutu. Kin tuna telan nan na bayan tashar mota, mai keken ƙafa, wanda ya ɗinka mini rigar da kika ce ta sa na yi kama da labule? Ciwonmu ɗaya da shi. Na biya ta shagonsa ranar Talata na tarar da keken a rufe da zane, shi kuma yana zaune ya ɗora ƙafa a kan kwandon ƙyalle, ta kumbura tana ƙyalli. Ya ce a wani kemis aka gaya masa sabon ya yi tsada ne don ya fi ƙarfi. Shi kuma mutum ne mai lissafi: in ƙarfi biyu ne, rabi ya isa. Sai ya riƙa raba ƙwayar da reza. Mako biyu ke nan bai taka keke ba, ga kayan mutane jibge. Wannan fa magana ce ta baki kawai ta yi masa haka. Ki duba abin da za ta yi in an buga ta da zinare sau dubu ɗari biyu, da sa hannuna a ƙasa.

Yanzu sai in yi miki ikirari, tun da ko na ɓoye maƙwabciya za ta gaya miki. Ƙwayoyina sun ƙare ranar Talatar, na kuma rantse ba zan sayi shuɗin kwali ba. Yatsan ya ba ni kwana biyu in sake tunani. Ranar Alhamis da safe ya yanke hukunci. Kin san yadda yake: ko iska ta taɓa shi sai in ji kamar an rufe ƙofar mota a kansa. Na tafi aiki da takalmi a hagu, silifa a dama, da sandar mahaifinki. Matakala goma sha bakwai ce zuwa ofishinmu, ban taɓa sanin adadinsu ba sai ranar.

Maigida ya ga ƙafar, sai ya ga ƙofa ta samu. Ya shigo da fara'a ya ce Turare ya ji labari ya tausaya, kamfani zai ba ni maganin shekara guda kyauta, kwalaye goma sha biyu suna cikin mota. Ba zan yi miki ƙarya ba, raina ya biya. Yatsan nan da bakinsa ya ce mini, karɓi mana, wawa. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ce a gode masa, a bar su a motar.

Daga nan na wuce asibiti. Likita ta ba ni maganin kwantar da kumburi, ta kuma wanke ni tas. Ta ce taurin kai ba ya narkar da gishiri, kuma kamfanin bai ma san ina fushi da shi ba, ƙafata ce kaɗai ta sani. Ta yi gaskiya. Na koma kemis da ɗingishi na ajiye kuɗina na ɗauki shuɗin kwali. Mai kemis ya ce, "Yallaɓai, an sauko ke nan?" Na ce ban sauko ba. Su karɓi kuɗina, wannan cin zali ne kawai, kuma mun saba. Amma hannuna ba ya cikin cinikin.

Maigida ya ba ni zuwa ranar Laraba. Ya gwada Rediyo ko za ta sa hannu a madadina, ta ce ita karatu aka ɗauke ta, rubutu ba fanninta ba ne. Ya ce wa mai inji ya ɗora aikin haka nan, mai inji ya ce dokar marigayi ce, in ana so a karya ta a je a gaya wa marigayin.

Kada ki taho saboda ƙafa, ta fara saɓewa. Ki gaida mai jego, ki ce mata kada ta gaji halin ubanta, ko da yake ina jin an makara.

Mijinki na farko,
Jan Biro

Juma'a

Zuwa ga uwargida, abokiyar zamana,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mutanen gidan duka. Na ji an ce yaron ya fara murmushi. Ina taya shi murna, a shekarunsa ni ma ina yi.

Ki zauna kafin ki ci gaba. Labari biyu ne, mai daɗi da wanda za ki yi faɗa a kansa, kuma ba zan iya raba su ba don uwarsu ɗaya.

A ƙa'ida, kowace takardar gwaji ta magani tana komawa ga babbar mai harhaɗa magunguna ta kamfanin, ta duba ta amince. Sunan ofishinta yana nan a buge a ƙasan fom. Amma Turare ya saba karɓa da hannunsa ya ce zai kai. Wannan karon, yana jiran a ba shi sabuwa mai tsabta, sai Rediyo ta ɗauki wadda na yi wa jan zobe ta sa a ambulan ta ba direban aike tare da sauran saƙonnin Litinin. Da maigida ya tambaye ta, ta ce shekara ashirin tana aika takardu inda fom ya ce, ba wanda ya zo ya ce mata ranar Litinin ɗin nan daban ce. Ta faɗi haka tana goge tabarau, fuskarta kamar ta mai karanta labaran rasuwa.

Ranar Talata waya ta yi ƙara a ofishin maigida. Matar ce. Ta ce a ba ta mai jan biro. Na ɗingisa na karɓa. Ta ce, "Malam, kai ka rubuta ‘ina sabon’?" Na ce ni ne. Ta ce, "Ni ma tambayar da nake yi ke nan tun safe, don ba wanda ya nuna mini tauraron nan. Da ya fita kasuwa, lasisina ne zai amsa." Ta ce a cire shi, a aiko mata da sabon gwaji kai tsaye. Ta kuma tambaye ni yadda aka yi na lura. Na ce ina da ɗan leƙen asiri a cikin takalmina.

Aka cire. Rediyo ta karanta, na bi da rula, sau biyu, na sa hannu. Jiya inji ya fara aiki. Farashi kuwa yana nan inda yake, ko gezau. Garin magani, jirgi, kwastan da dillalai uku ba su karanta jan birona ba. Ban rage wa kowa ko sisi ba. Iyakar abin da na yi, wanda ya biya kuɗin zai san tsohon abokinsa ne ya saya, ya haɗiye shi ɗungurungum. Tela ma, da na je na gaya masa gaskiya, ya daina aikin reza, na ji ƙarar kekensa da na wuce.

Yanzu ɗaya labarin. An ja kunnen Turare a ofis, shi kuma ya zo ya ja namu. Wannan aikin ba zai iya janye shi ba, amma sauran ayyukan kamfanin na shekara duk ya kwashe ya kai wata maɗaba'a, inda na ji mai dubawarsu mutum ne mai sauƙin kai. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da muke bugawa ke nan. Maigida ya kira ni ya rufe ƙofa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Kawu, kai ka koya mini riƙe rula. Amma mutum goma sha tara ke ci a gidan nan, kuma Turare ya ce muddin kana kan teburin can ba zai dawo ba." Na duba fuskarsa na ga bai yi barcin kirki ba. Ban ga laifinsa sosai ba. Shi yana tsaron inji, ni ina tsaron abin da ke fita daga cikinsa, kuma mahaifinsa ne ya raba mana aikin haka.

Ya turo mini takardar sallama. Don ya kyautata mini, ya rubuta cewa na bar aiki saboda rashin lafiya, ciwon ƙafa ya hana ni hawa matakala. Ya ce da haka zan sami kusan duk haƙƙina. In ya rubuta ƙin bin umarni, rabi ma da ƙyar.

Na ce ba zan sa hannu a wannan ba. Ƙafata ta hau matakala goma sha bakwai a ranar da ta fi kowace rana kumbura, ba za a ɗora mata laifin da ba ta yi ba. Ya dafe kai ya ce, "Kawu, don Allah, ko takardar korarka ma sai ka yi mata gyara?" Na tambaye shi me doka ta ce game da wanda ya nemi ritaya da kansa bayan shekara ashirin da biyar. Ya buɗe littafin ma'aikata ya duba. Ana rage wani abu, ba mai yawa ba, amma za mu ji shi a tukunya. Ya ce, "Amma ai ba ka nema ba." Na ce ba ni takarda. Na rubuta a gabansa, layi uku, na nema. Yanzu abin da zai rubuta gaskiya ne, ni kuma zan iya sa hannu.

Ƙarshen wata zan miƙa makulli. Na san abin da kike lissafawa yanzu: rufin ɗakin baya da muka ce za mu gyara, da karatun auta da ya rage shekara guda, da shuɗin kwali kowane wata har iyakar rai. Ni ma na lissafa, kuma ba zan ce miki zai yi sauƙi ba. Akwai masu rubuta littattafai da ɗalibai da suka daɗe suna roƙona in duba musu aiki a gida, ina ce musu ba lokaci. Lokaci ya samu. Teburin cin abinci zai zama ofis, ki shirya ganin takardu kusa da kwanukanki.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki yi fushi yadda kike so, kina da haƙƙi, don ban shawarce ki ba kuma tukunyar tamu ce mu biyu. Amma kada ki ce in je in ba Turare haƙuri. Surukinmu ma kada ya wahalar da kansa yana neman wanda ya san wani. Da za a sake ajiye mini takardar nan gobe, da tauraronta, da motar kwalaye a ƙofa, da yatsan yana ihu, abin da na yi shi zan sake yi, sai dai wannan karon ba zan daina shan maganina ba.

In mai jego ta yi ƙarfi, ki dawo. Zan zo tasha in tarye ki da takalma biyu.

Allah ya raya yaron, ya ba ki haƙurin zama da kakansa.

Naki, ba gyara,
Jan Biro